Kafaɗata Lafiyarta Ƙalau

Ku ukun nan kun tashi da labari guda game da safar hannun nan ta fata da ke saman kabad ɗin ɗakina: wai Baba ya yi wasan besbol a zamaninsa, kafaɗa ta tashi, likita ya hana shi. Ni na ƙaga labarin, mahaifiyarku kuma ta taya ni rufa shi shekara da shekaru. To ga shi yau na tsufa, idona ya fara gudun ƙananan rubutu, kuma kafaɗar nan ba ta taɓa yi mini ciwo ba ko na yini ɗaya. Kun kuma san dokar gidanmu da kuka sha yi wa dariya, cewa in waya ta yi ƙara ba a cewa ba na nan alhali ina nan, ko da mai tallar gilashin taga ne ya kira. Safar da dokar asalinsu ɗaya, kuma shi nake so in rubuta muku tun ina iya tuna shi yadda ya faru.

Na zo London a farkon shekarun tamanin karatun haɗa magunguna. Ɗakina a Bloomsbury, in na miƙa hannu biyu sai in taɓa bango da bango. Ba sanyi ne ya fi damuna ba, shiru ne. Nakan yi mako cur ban furta kalmar Hausa ba sai a cikin addu'a, har na fara yi wa butar shayi magana in ta daɗe ba ta tafasa ba. Wata Lahadi da rana ta ɗan leƙo, na ɗauki littafi na tafi wani babban lambu na zauna a gefen ciyawa. Can nesa waɗansu mutane sanye da huluna masu baki suna wani wasa da sanda, ban kula su ba, sai wata farar ƙwallo mai jan ɗinki ta gangaro ta tsaya a ƙafata. Ku ba ku san ƙuruciyata ba. A gonar gero na tashi, ni ne mai korar tsuntsu, kuma a ƙauyenmu babu goruba mai tsayin da jifana bai sauko da 'ya'yanta ba. Na ɗauki ƙwallon na juya ta a hannu, na ji nauyinta daidai da na dutsen da na saba, na hango wani gajeren mutum a tsugunne da ragar ƙarfe a fuska, na sake masa ita.

"Ga ta nan!" na faɗa da ƙarfi, ban ma san da Hausa na yi ba.

Ƙwallon ta faɗa cikin safarsa da wata ƙara kamar an mari buhu. Mutumin ya miƙe, ya ɗage ragar, ya tsaya yana waige-waige.

"Kai! Wa ya ce ga ta nan?"

Shi ne Seidu. Mu a Kano Sa'idu za mu ce, amma shi ɗan zangon Kumasi ne, jikan fataken goro da suka tafi Gana ba su dawo ba. Ya girme ni da kamar shekara goma sha biyu, don haka tun ranar nake ce masa Yaya Seidu. Dako yake yi a wani otal, yana ɗaukar wa baƙi akwatuna. Kafin nan ya yi aikin kicin a jirgin ruwa, jirgin ya lalace a wata tashar Amurka suka shafe damina guda ana gyara, kuma a can wasan ya shiga jininsa. Ya iso inda nake yana haki, ya kama hannuna na dama yana juya shi kamar mai tayin akuya.

"Wannan hannu ba na littafi ba ne. Rufe littafin, zo."

Na ce masa ban san wasan ba, ko sunansa ban sani ba.

"Abu kaɗan ne. Kai kana jifa, ni ina cafewa. Wancan mai sanda yana so ya shiga tsakaninmu. In ya buga sai ya gudu ya zaga fili ya koma gida. Aikinmu mu hana shi komawa gida."

"Wannan ai aikin London ne," na ce.

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa, kuma daga ranar na daina yi wa butar shayi magana.

Ƙungiyar ba wata babba ba ce. Ma'aikatan ofis ne da direbobi da Amurkawa biyu da aure ya riƙe a Ingila, kowa da aikinsa, Lahadi kawai ake haɗuwa daga bazara zuwa kaka. Kocinmu wani Bature ne mai suna Derek, ma'aikacin gidan waya, mutumin kirki mai son tsari, wanda ko gaisuwa ce ya fi so ya rubuto ta a takarda. A wasan nan mai cafewa ne ke zaɓar irin jifan da za a yi, kuma a ko'ina cikin duniya da yatsu yake nuna wa majefi, a ɓoye tsakanin cinyoyinsa, don kada mai sanda ya gane. Mu ba mu taɓa wahalar da yatsu ba. Seidu buɗe baki kawai yake yi ya faɗa da Hausa, mai sanda yana tsaye a kansa yana ji. Jifa mai ƙarfi kai tsaye sunansa wuta. Wanda ke zuwa ya lanƙwashe a gaban mutum, lauje. Wanda zan yunƙura kamar zan fasa bango amma ƙwallon ta tafi a hankali, hawainiya. Sai ya ƙara da sama ko ƙasa, ciki ko waje, wani lokaci har da sharhi.

"Lauje, ƙasa! Wannan mai tumbin ba ya iya sunkuyawa."

Nakan ciji leɓe don kada in yi dariya a tsakiyar jifa. Shekara tara muna haka. Sau ɗaya kawai asirinmu ya so tonuwa, ranar da wani dattijon Bature da ya yi alƙalancin wasa ya zo bayan an tashi ya ce mana, "Sannunku da aiki. Amma mai tumbin nan surukina ne." Ashe ya yi aikin jirgin ƙasa a Zariya yana saurayi.

Hausar Seidu ita ce abin tsokanata. Mutanen zango ba su damu da bambanta mace da namiji a magana ba, kowa "ya" ne, kowa "shi" ne. Zai ce mini, "Matana ya dafa wake da shinkafa, ya ce ka zo." Ni kuma da taƙamar Bakano sai in gyara zama.

"Yaya Seidu, matarka ta dafa. Ta ce. Hajiya Memuna ba ƙato ba ce."

"Ku Kanawa kuna da lokaci. Mu a zango mutum mutum ne. Za ka zo ko ba za ka zo ba?"

Zuwa kuwa ina yi. Hajiya Memuna doguwa ce, ta fi shi tsawo da tafin hannu, mai ƙarancin magana a gida, amma a bakin fili ba a jin muryar kowa sai tata. Takan zo da kula cike da shinkafa da wake irin nasu mai ja, da baƙin yaji a kwalba wanda ya taɓa sa Derek kuka a gaban jama'a. Allah bai ba su haihuwa ba. Su biyu ne kawai a wani flat a saman shago a Lewisham, kuma kafin in yi aure can ne gidana na gaskiya. Ita ta raka ni kasuwa na sayi tukwane lokacin da mahaifiyarku za ta zo daga Kano. Bayan na gama karatu na sami aiki muka koma Barking, sai tafiyar ta yi nisa, ga ku kuna ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyarku ba ta samun zuwa fili, sai da Sallah suke haɗuwa da Hajiya Memuna, kuma kullum a hanyar dawowa takan ce mini ita fa rabin Hausarsu take ganewa.

In hunturu ya shigo babu wasa, amma Seidu ba ya hutu. Baƙin Amurka kan bar jaridunsu a ɗakunan otal, shi kuma ya bi masu shara ya karɓe shafin wasanni, ya yanka ya tara a gwangwanin biskit. Ranar Asabar bayan azahar in na je, zai baje su a kan tebur ya fara yi mini jarrabawa. Daga bakinsa na ji cewa a farkon wasan majefi ba ya ɗaga hannu sama, daga ƙasa yake lilo ya saki ƙwallo, kuma wai a da mai sanda ne ke faɗa wa majefi inda yake so a jefo masa, sama ko ƙasa. Wannan yana ba shi haushi kamar jiya aka yi. Ya taɓa miƙo mini ƙwallo ya ce in ƙirga ɗinkin jikinta. Na ƙirga na samu ɗari da takwas.

"Ka gani? Casa'in da tara na carbi, sauran tara na 'yan wasa. Wanda ya ɗinka wannan abu ya taɓa zama da Musulmi."

Abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne cinikin 'yan wasa da ƙungiyoyin Amurka ke yi a hunturu: an sayar da wane, an musanya wane da mutum biyu, an sallami wane. Ya san su kamar 'yan unguwarsu, mutanen da bai taɓa gani ba sai a hoto. Wata rana ya nuna mini hoton wani tsohon mai cafewa da ƙungiyarsa ta sallama bayan ya tsufa a hannunsu, ya buga tebur har shayi ya zube.

"A jarida ya gani, kamar yadda ni na gani! Malam Habibu, in za ka sallami mutum, je ka gidansa, ka zauna ka ci abincinsa, ka dubi idonsa ka faɗa masa. Takarda ba ta da kunya, shi ya sa suke aikenta."

Na gyaɗa kai ina tauna nama, na ce wallahi gaskiya ne.

Shekarar da nake so ku sani ta zo a farkon shekarun casa'in. Mun yi kaka mai kyau, aka ɗaga mu zuwa rukuni na sama inda matasa suke da gudu kamar barewa. Ni a lokacin na doshi arba'in, na san sauran shekara biyu ko uku hannuna ya fara sanyi, kuma ina so in ɗaga kofi ko sau ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, son abin ya cika mini ciki. Seidu kuwa ya haura hamsin. Mai cafewa a tsugunne yake yini, kuma gwiwoyinsa sun gama. In ya tsuguna sai ya dafa ƙasa kafin ya miƙe, masu zaga fili suna rugawa daga wannan matsaya zuwa ta gaba a kan idonsa, kafin ya tashi ya jefa sun isa har sun karkaɗe wando. Kowa ya gani, ba mai faɗa. A watan Janairu kwamitin ƙungiya ya zauna wata Asabar da hantsi a ɗakin taron unguwa, mu biyar, don tsara sunayen da za a miƙa na sabuwar kaka. Sunayen suna da iyaka, kuma Derek ya samo wani ɗalibi ɗan Kanada, matashi mai hannu kamar bindiga. Aka yi ta kewaye-kewaye, sai Derek ya juyo gare ni.

"Habib, you throw to him. Can he still do it?"

Da na ce zai iya, da magana ta ƙare, don ba wanda zai musa wa majefi a kan mai cafe masa. Na dubi tebur.

"His knees are gone," na ce.

Wato gwiwoyinsa sun gama. Kalma huɗu, kuma da Turanci na faɗe su, harshen da ni da Seidu ba mu taɓa yin magana da shi a tsakaninmu ba. Aka ja layi a kan sunansa. Derek ya ce zai rubuta masa wasiƙa mai kyau ta godiya. Na ce a'a, ni zan je in faɗa masa da bakina. Ya ce to, ya ba ni mako guda, in ban samu zuwa ba zai saka wasiƙar a akwatin gidan waya, don bai kamata mutum ya ji a bakin wani ba.

Mako ya wuce ban je ba. Litinin na ce aiki, Talata na ce ruwa ake yi, Laraba ɗayanku yana tari. Ranar Asabar na shirya na hau jirgin ƙasa, na yi canji, na sauka a Lewisham. Na tsaya a cikin kasuwa ina hango tagarsu a saman shagon, labulen Hajiya Memuna mai furanni a sake. Na sayi ayaba da doya da ba a aike ni ba, na juya na koma Barking. Washegari Lahadi da hantsi ina ɗaure takalmi a bakin ƙofa, waya ta yi ƙara, mahaifiyarku ta ɗauka. Na ga ta ɗan ware ido ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta ce mini a hankali Yaya Seidu ne. Na ce a raina wasiƙar ta isa. Na kaɗa mata hannu, na nuna ƙofa.

"Ba ya nan, Alhaji, ya ɗan fita," ta ce, tana harara ta.

Ina tsaye taku biyu daga wayar, ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa ba na gane kalmomin. Sai na ji ƙarar nan ta wayar kan titi in kuɗin mutum ya ƙare, layin ya yanke. Mahaifiyarku ta ajiye a hankali.

"Kuka yake yi. Babban mutum kamar wannan. Me ka yi masa?"

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi, 'Ya bar ni, Hajiya. Shi kaɗai nake da shi a ƙasan nan, ya tafi ya bar ni.' Sai aka yi cutting."

Na zauna a kan matakala da takalmi ɗaya a ƙafa. Na gaya mata abin da ya faru a kwamiti. Ta ce in tashi yanzu-yanzu in tafi Lewisham. Na ce a'a, mutum yana cikin zafi, a bar shi ya huce tukuna. Ku lura da wannan, don shi ne ainihin laifina. Shekara tara ina gyara wa mutumin nan "ya" da "ta". Babu Bakano a London da ya fi ni sanin yadda yake magana. Amma ranar kunya ta toshe mini kunne, na ji maganarsa da Hausar Kano, kuma har da wani ɗan jin kai a ciki, wai ni ne shi kaɗai da yake da shi a ƙasar nan.

Bai sake kira ba, ni ma ban kira ba. Masallacinmu daban, mutanenmu daban, kogi a tsakaninmu, babu mai kawo labari. Mako bakwai. Sai da azumi ya rage kwana biyu mahaifiyarku ta ajiye mini kwano a gaba ta ce ba za ta yi wa mai gaba sahur ba, in je in nemi gafara ko in dafa da kaina. Na tafi da la'asar, ina ta maimaita jawabina a jirgi, na gwiwa da na matasa da na rukuni na sama. Tun a matakala na ji wani abu ya canza, ban gane ba sai daga baya: babu ƙamshin girki. Ya buɗe ƙofa. Ya rame har rigar ta yi masa yawa, ga furfura a gemun da bai aske ba. Ya dube ni, ya matsa na shiga. Don in sassauta zaman sai na ɗaga murya yadda na saba.

"Ina Hajiya? Ko ta tafi kasuwa sayayyar azumi?"

Ya juyo gare ni.

"Malam Habibu, wasa ka zo yi mini?"

"Wane irin wasa, Yaya?"

"Na gaya ma matanka. Daga asibiti na kira, kai na fara kira kafin kowa. Na ce ya bar ni."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ya. Shi kaɗai. Na ji kalmomin suna juyawa a kaina suna komawa inda ya ajiye su tun farko. Ashe Hajiya Memuna yake nufi. Hawan jini ne ya buge ta ranar Juma'a tana yanka albasa. Asabar ɗin da na tsaya a kasuwa ina hangen labulenta da ledar doya a hannu, tana asibiti ba ta san inda take ba. Lahadi da safe ta cika. Ya ce ya laluba aljihu ya sami 'yan sulalla, ya tsaya a layin waya a barandar asibitin, lambata ce kawai ya haddace.

"Ran Laraba muka kai shi. Ruwa ake yi. Mutanenmu sun zo, amma ranar aiki ne, ba mu da yawa. Da za a ɗauki makara na ce a ɗan jira, ƙanena yana zuwa daga Barking, hanya ne da nisa. Liman ya jira. Ina ta duban ƙofan maƙabarta har aka ce Alhaji, haƙuri, ƙasa yana jiƙewa."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Na faɗa masa yadda muka fahimci saƙon, na faɗa masa ina tsaye kusa da wayar. Ya saurara, sai ya ɗan karkata kai.

"To don me za ka ce ni da kai nake? Me ka yi mini da za ka bar ni?"

A lokacin idona ya sauka kan tebur. Wasiƙu ne a tare, tulin mako bakwai, ba a buɗe ko ɗaya ba, kuma a cikinsu na hango rubutun Derek mai tsabta. Kusa da su ga safarsa ta cafewa, tana ƙyalli, an shafe ta da mai. Ya ga inda nake kallo.

"Na Derek ne, ranakun training. Ban iya karatu ba yanzu, kaina ba ya ɗauka. Amma ina shafa mai kullum. In ba don na san bazara yana zuwa ba, da ban san abin da zan tashi in yi da safe ba. Yaushe za mu fara?"

Na yi tunanin in zare wasiƙar in sa a aljihu. Wallahi na yi. Amma ga ni a gidansa, a gabansa, inda ya ce a zo a faɗa wa mutum, sai dai babu mai dafa abincin da za a ci. Na dubi idonsa na faɗa masa duka, har da kalmomin nan huɗu, na mayar masa da su Hausa don kada in ɓuya a bayan Turanci. Ya ɗauki safar ya sa a hannu, ya bubbuga cikinta da dunƙule sau biyu, ya cire ya ajiye.

"Gwiwa kam ya mutu. Ba ka yi ƙarya ba."

Ya tashi ya dafa mana shayi, ya rasa inda take ajiye sukari, muka sha haka.

Washegari na sami Derek na ce a mayar da sunan ko a cire nawa. Derek da ya ji labarin ya yarda nan take, har yana share ido. Seidu ne ya ƙi. Ya ce shi ba ya cafe ƙwallon tausayi. Na yi ta zuwa Lewisham duk azumin nan da kwanon buɗa-baki daga mahaifiyarku, yana karɓa yana godiya, ya ce ya yafe tun ranar, kuma na yarda ya yafe. Amma bai sake buɗe gwangwanin biskit ba, ni kuma ban sake gyara masa Hausa ba, kuma duk mun san abin da ya fita daga ɗakin. Bayan Sallah ya ce zai koma Kumasi wurin ƙanwarsa.

Wasan farko na sabuwar kaka na hau tudun jifa. Yaron Kanada ya tsuguna, ya nuna mini yatsa ɗaya a tsakanin cinyoyinsa. Na tsaya ina jira. Alƙali ya ce in yi sauri, ni kuwa ina jiran in ji an ce wuta. Fili ya yi tsit, babu mai zagin tumbin kowa, babu kular shinkafa a gefen ciyawa. Na yi jifa mai kyau ranar, mun ma ci wasan. Da aka tashi na dafe kafaɗa na ce wa Derek wani abu ya tsinke a ciki. Daga nan labarin da kuka sani ya fara.

Ana gobe zai tafi ya ce in zo da safata mu haɗu a lambun da muka fara haɗuwa. Ya auna tazarar da taku, ya dafa ƙasa ya tsuguna da ƙyar, ina jin ƙarar gwiwar daga inda nake. Ya buɗe safa.

"Hawainiya, Malam Habibu. Kada ka yi sauri. Ina so in gan shi yana zuwa."

Na jefa masa a hankali. Ya cafe, ya riƙe ta, bai jefo mini ba. Ita kaɗai muka yi. Na je na kama hannunsa na tashe shi, ya sa ƙwallon a aljihun kwat, ya karɓi safata, ni kuma ya ba ni tasa. Don haka safar da ke saman kabad ba tawa ba ce, ku duba za ku ga ta fi ta majefi kauri. Tawa tana Kumasi.

Duk Sallah yakan aiko da kati, a bayansa tambaya ɗaya ta wasan, ba gaisuwa mai tsawo. Nakan yi mako ina neman amsa a laburare in aika masa. Na sha cewa baɗi zan je in gan shi, baɗi ta yi ta zama baɗi. Ina kewarsa har yau, kewar da ba ta raguwa, kuma ba wasan nake kewa ba. Muryar nan nake kewa, a tsakiyar filin Turawa, tana faɗa mini da harshen uwata abin da zan yi. A ƙarshen shekarun casa'in, wata safiya, waya ta yi ƙara, ni na ɗauka. Muryar mace ce daga nesa, layin yana shashshaka, ta ce ita 'yar ƙanwar Alhaji Seidu ce, ta ga lambata a bangon littafinsa.

"Baba, ya bar mu. Jiya da yamma."

"Wa?" na ce.

Na san amsar. A wannan karon kalmar daidai take a Hausarsu da tamu. Amma na riga na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara jin ta ban tambaya ba, kuma na so in ji an faɗi sunansa. Ta faɗa, ta ce an riga an kai shi. Makara biyu ke nan ban ɗauka ba, da kafaɗar da lafiyarta ƙalau.

To kun ji. In na tafi, ku aika da safar zuwa Kumasi, akwai adireshi a cikinta. Ranar da za ku ɗauki waya ku ce Baba ba ya nan tana zuwa, kuma ranar gaskiya za ku faɗa. Kafin ta zo, ko wane ne ya kira, ku miƙo mini.